WAYAR REDIYON MOTA: Siririya Ce, Amma Tana Iya Cinye Mota

Duk wanda ya saba shiga motocin haya da ke tashi daga Ƙauran Namoda, ko masu nufar Shinkafi ta Moriki, ko masu bi ta Zurmi su ɓulle Jibiya, ya san da wuya ya sami mota guda wadda ba ta da abin sauti a gabanta. Wata da rediyonta ta zo daga Turai, wata kuwa mai ita ne ya sayo a kasuwa ya sa aka ɗaura masa. Da shi direba ke jin labarin duniya da asuba, da shi ya ke jin karatu da wa'azi, da shi kuma ya ke korar gyangyaɗi da waƙoƙin su Narambaɗa na Tubali da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru in rana ta take.

To, amma in mutum ya je sayen rediyon mota, abin da ya kan duba shi ne ƙararsa, da ƙyallin fitilunsa, da ko yana karɓar waƙa daga wayar hannu. Ba safai a ke samun wanda zai tsaya ya tambayi ta inda wuta za ta shigo masa ba. Alhali kuwa nan ne maganar ta ke. Wayar da ke kai wa rediyo wuta ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, amma ɗaya bakinta yana haɗe da batirin da ke iya mai da ita garwashi kafin mutum ya buɗe ƙofa. In an ɗaura ta daidai, sai ta shekara goma ba wanda ya tuna da ita. In an ɗaura ta da ganganci, ɗayan biyu ne: ko ta shanye batir ta bar mutum a daji, ko ta kunna wa motar wuta. Wannan shi ne abin da mu ke so mu jawo hankalin jama'a a kansa, musamman direbobi da masu motoci da yaran da ke koyon aikin wayarin.

Asalin Rediyon Mota

A shekarar 1930 ne wani kamfani na Paul Galvin da ɗan'uwansa, a birnin Shikago ta Amurka, ya fito da rediyon mota wanda ya karɓu a kasuwa, ya sa masa suna Motorola. Kuɗinsa ya haura dala 100, a lokacin da a ke samun sabuwar Ford a kan wajen dala 500. Bayan shekara biyu, cikin 1932, kamfanin Blaupunkt na Jamus ya fito da nasa. Rediyoyin wancan zamani ƙwayayen gilashi ne a cikinsu, masu zafi da shan wuta, ga shi kuwa batirin yawancin motoci na bolt 6 ne. Sai tsakiyar shekarun 1950 motocin Amurka suka koma bolt 12, Volkswagen ƙirar kunkuru kuwa ba ta koma ba sai 1967. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kafin shekarun 1960 su ƙare kaset ya shiga mota. Faifan CD ya biyo baya cikin shekarun 1980, yau kuma ga ɗan katin ajiya wanda bai fi farce ba yana ɗauke da karatun watan azumi duka.

A nan ƙasarmu, abin ji ne ya riga abin jin yawa. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna cikin 1975, sai Fijo ta cika tashoshin Arewa, kaset ya zama abokin tafiyar kowane direba. Ƙauran Namoda kuwa tun 1929, da hanyar jirgin ƙasa ta iso ta daga Zariya ta Gusau, ta zama matattarar gyaɗa da auduga, motoci na kwasowa daga ƙauyuka suna kawowa bakin jirgi. Sabo da haka direba da makanike ba baƙi ba ne a wannan yanki.

Abin Da Ya Sa Maganar Ta Fi Nauyi A Nan

Mutumin Kano ko Kaduna in batirinsa ya mutu, abin da ya yi hasara ɗan lokaci ne. Zai sami masu tura shi, ko mai ba shi aron batir. Amma kowa ya san halin da hanyoyin Zurmi da Shinkafi da Birnin Tsaba suka shiga cikin shekarun nan sabo da 'yan bindiga. Direban da ya ɗauko fasinja daga kasuwar Shinkafi ran Alhamis, burinsa ya shiga gari kafin rana ta faɗi. In ya tsaya salla ko sauke kaya a wani ƙauye, ya murɗa makulli mota ta ƙi tashi, to, ba maganar jinkiri kaɗai ba ce, maganar rayuka ce. In kuwa motar mai giya otomatik ce, turi ma ba ya ta da ita.

Har wa yau, jama'ar wannan yanki sun ga ranar rediyo da idonsu. A farkon Satumba na 2021 aka rufe layukan wayar hannu a Jihar Zamfara baki ɗaya don yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. An maido wa Gusau layi a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido musu. Cikin waɗannan makonni, mai rediyo shi ne mai labari. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Don haka ba mu ce a raba direba da rediyonsa ba. Cewa mu ka yi a ɗaura shi yadda ba zai zama sanadin wahala ba.

Yadda Wuta Ke Tafiya Cikin Mota

Kafin mu shiga batun wayoyi, ya kamata mai karatu ya san kalmomi uku. A ɗauki misalin tankin ruwa a bisa gini, da bututu ya sauko daga gare shi. Ƙarfin da ruwan ke turowa da shi, shi ne misalin bolt. Yawan ruwan da ke gudana cikin bututun, shi ne misalin amfiya, wadda masu sayar da batir ke taƙaitawa su ce am. Aikin da ruwan ya yi kuwa shi ne misalin wat, a na samunsa in an riɓa bolt da amfiya.

Batirin ƙaramar mota ɗakuna 6 gare shi, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da 'yan kai. In ya cika, injin yana kashe, mita za ta nuna wajen 12.6. In ta nuna 12.2, to, kusan rabi ya tafi. In injin yana aiki, altaneta tana yi masa caji, sai a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Bolt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gida, shi ya sa a ke raina shi. Amma haɗarinsa ba a bolt ya ke ba, a amfiya ya ke. Kik kaɗai ya kan ja amfiya 100 zuwa 200 in zai juya injin, kuma in aka haɗa kan batir biyu kai tsaye, amfiya ɗaruruwa za su kwararo a lokaci guda. Wannan ya isa ya narkar da bakin sifana.

Sa'an nan abu mafi muhimmanci: kawunan batir biyu ne, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. A motocin yanzu kan ɗebewa a jikin motar a ke ɗaure shi. Watau ƙarfen motar duka, tun daga bamba har but, waya ɗaya ce babba wadda wuta ke komawa batir ta cikinta. Ma'anar wannan ita ce, duk inda wayar da ta fito daga kan tarawa ta goge ta taɓa ƙarfe, ko'ina ne a jikin motar, to, an haɗa kan batir biyu ke nan.

Wayoyi Uku Da Ayyukansu

In aka juya bayan rediyon da a ke sayarwa a kasuwa, za a ga damin wayoyi masu launi iri iri. Takwas daga ciki na lasifika ne, bibbiyu: farare na gaba hagu, masu ruwan toka na gaba dama, koraye na baya hagu, shunayya na baya dama, a kowane biyu ɗaya tana da baƙin zane. Shuɗiya ita ke ta da eriya ko amfilifaya, mai ruwan goro kuma ta hasken dare ce. Amma waɗanda maganarmu ta shafa uku ne.

Ta farko ita ce rawaya. Ita ce ke son wuta kullum, dare da rana, ko makulli yana aljihu. Da ita rediyo ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye, kuma a yawancin rediyoyin yanzu ta cikinta babbar wutar sauti ke bi.

Ta biyu ita ce ja. Ita ba ta son wuta sai an murɗa makulli zuwa matakin farko, inda aka rubuta ACC. Aikinta ta gaya wa rediyo ya farka, in an zare makulli kuma ya kwanta.

Ta uku ita ce baƙa, wadda ke komar da wuta jikin mota.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a murɗe rawaya da ja wuri ɗaya a kai su batir. Direbobi da yawa su ne ma ke roƙon a yi musu haka, don su riƙa jin rediyo suna jiran lodi ba tare da makulli ba. To, bari mu yi lissafi. A ce batir mai amfiya 60 ne, watau a takarda yana iya ba da amfiya 1 har awa 60. A ce kuma rediyon da aka manta a kunne, an rage murya, yana jan amfiya 1. Daga magariba zuwa hantsi ya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ga sabon batir ke nan. Batirin da ya sha zafin bazarar Zamfara, inda ma'auni ke haura 40 cikin Afrilu da Mayu, ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa. In akwai amfilifaya da ita ma ba ta kwanta ba, kwana ɗaya ko biyu sun isa. Gari na wayewa sai a ɗora wa mai batir laifi, a sayi sabo, shi ma ya bi sawun ɗan'uwansa. Wanda ke son jin rediyo a tsaye, ya bar makulli a matakin farko, ya kuma riƙa ta da injin lokaci lokaci.

Akwai kuma abin da ya shafi motocin da suka fi yawa a tashoshinmu, watau Golf da Sharan da Opel. Motocin Turai suna da soket iri ɗaya a bayan rediyo, amma Volkswagen da Audi da Opel da yawa sun musanya ramin wutar kullum da na wutar makulli, watau rami na 4 da na 7. In aka cusa sabon rediyo haka nan, zai yi aiki, amma kullum aka kashe mota sai ya manta tashoshinsa da agogonsa. Mai ƙaramin sani sai ya ce rediyon jabu ne, ko ya haɗe wayoyin biyu ya huta. Maganin kuwa ɗan kaɗan ne: a musanya rawaya da ja a jikin wayar haɗin da ta zo da rediyon, ba tare da an yanka ko ɗaya daga wayoyin motar ba. Motocin baya bayan nan, irin su Golf ta biyar wadda ta fito a 2003, ba su da wayar makulli a soket ɗin sam, kwamfutar motar ce ke ba rediyo umarni. Irin waɗannan sai an sa musu ɗan akwatin haɗi da aka yi dominsu, ko a jawo jar waya daga akwatin fis.

Fis Shi Ne Mai Gadi

Fis, ko fiyus, ɗan siririn ƙarfe ne da aka raunana da gangan, don in wuta ta wuce kima shi ya fara narkewa ya yanke hanya. Irin mai ƙafa biyu cikin roba da mu ke gani yanzu, kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da shi a 1976, kuma launinsa ke faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Mutane da yawa su kan ce, ai rediyon yana da fis a bayansa. Gaskiya ne, akasari na amfiya 10. Amma wannan rediyon kaɗai ya ke tsaro. A duba tsawon wayar da ta taso daga batir, ta ratsa gefen injin, ta huda bangon ƙarfe, ta bi ƙarƙashin dashbod kafin ta iso. In ta goge a tsakiyar hanya ta taɓa ƙarfe, wuta ba za ta ko kai ga fis ɗin rediyo ba. Daga batir za ta taso ta faɗa jikin mota, wayar ta yi ja wur, robarta ta kama, ta kunna wa kafet da soson kujera. Kashe makulli ba ya tsai da ita, domin ba ta makulli ta biyo ba.

Sabo da haka doka ta farko a wannan aiki ita ce: duk wayar da aka ɗauko daga kan batir, a sa mata fis kusa da batirin, kada nisan ya wuce inci 18, watau kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. In ya fi haka kusa ya fi kyau. Doka ta biyu: waya a ke duba wa fis, ba rediyo ba. Fis ya zama ya fi wayar rauni kullum, don shi ya mutu ita ta tsira. In aka sa fis na amfiya 30 a kan siririyar waya, to, an mai da wayar ita ce fis. Doka ta uku: fis ba ya ƙonewa banza. In ya ƙone, aka sa irinsa ya sake ƙonewa, akwai inda waya ke taɓa ƙarfe, sai a neme shi. Masu naɗa takardar sigari mai ƙyalli ko zaren waya a madadin fis, daidai su ke da wanda ya ji karensa yana haushi da dare, ya ɗaure masa baki ya koma barci.

Kaurin Waya Da Ingancinta

Rediyo shi kaɗai, waya mai kaurin milimita 1.5 ta ishe shi, in tafiyar da nisa a sa mai 2.5. Amma samari masu son ƙara su kan ƙara amfilifaya da babbar lasifika a but. Amfilifaya mai wat 300 na gaskiya tana iya jan amfiya 30 zuwa 40 in an ƙure ta. Wannan sai waya mai kaurin milimita 10, wadda kusan ita ce masu kaya ke kira lamba 8, da fis nata na kanta a bakin batir. Kada a kuskura a ɗauko mata wuta daga bayan rediyo, ko daga ramin kunna sigari, ko daga wayar fitila. Kuma a tuna altaneta tana da iyaka. In fitilun gaba suna lumshewa duk sa'ad da ganga ta buga, alama ce an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, batir ne ke biyan bashin.

Sai batun jabu. Akwai waya a kasuwa wadda a ido jan ƙarfe ce, amma cikinta alminiyam ne aka shafa masa ja. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta sai kamar kashi 6 cikin 10 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, yana saurin karyewa, yana kuma yin fari ya rube a wurin haɗi. Gane ta ba wuya: a kankare sili ɗaya da reza, in fari ya bayyana a ciki, ita ce. Ta kuma fi ta gaskiya sauƙi a hannu. Wata kuma robar ce mai kauri, zaren cikin ɗan kaɗan. Mai saye ya duba bakin wayar, kada ya yi wa rogo kallon kitse.

Tsarin Aikin Daki Daki

Na farko, a kashe injin, a zare makulli. In rediyon da ke ciki na asalin motar ne kuma za a ci gaba da amfani da shi, a tabbata an san lambar sirrinsa, domin waɗansu su kan kulle kansu in wuta ta yanke.

Na biyu, tun batir yana haɗe, a gwada wayoyin soket da mita a gane wadda ke da wuta kullum da wadda ke jiran makulli. Kada a dogara da launi, domin launin wayoyin mota ba ɗaya ba ne da na rediyo. A nan akwai babban gargaɗi. A motoci masu jakar iska, wadda ke fashewa ta tare direba in an yi karo, wayoyinta cikin rigar rawaya su ke, da soket rawaya. Yaron da aka ce wa rawaya ce wayar batir yana iya kai hannu gare su. Kada a taɓa su, kada a soka musu ƙwan gwaji, domin jakar tana iya fashewa a fuskar mai aiki.

Na uku, a cire kan batir mai alamar ɗebewa, shi ne farkon cirewa, shi ne kuma ƙarshen mayarwa. Dalili shi ne, in sifana ta zame ta taɓa jikin mota a na kwance shi, ba abin da zai faru. In kuwa da kan tarawa aka fara, tartsatsi ne zai tashi, ga shi batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Mai aiki ya cire zobe da agogon ƙarfe, kada kuma a sha taba a wurin.

Na huɗu, in waya za ta ratsa bangon da ya raba injin da mazauni, ta bi ta cikin zoben roba. Ramin ƙarfe tsirara wuƙa ne, hanyoyinmu masu gargada kuwa su ne hannun da ke goga ta. A nisanta ta da bututun hayaƙi, da bel, da sandar sitiyari, da ƙafafun birki da kuloci, a kuma ɗaure ta kowane taƙi biyu.

Na biyar, baƙar waya ta zama gajeriya, kaurinta daidai da na wayar wuta. A kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, a sa mata zobe a ɗaure da noti. Kukan da a ke ji a lasifika yana hawa yana sauka tare da totur, galibi daga sakin baƙar waya ya ke, ko daga jera wayar sauti da wayar wuta wuri ɗaya. Wayoyin lasifika kuma kada ko ɗaya ta taɓa jikin mota, domin rediyon yanzu yana ƙonewa da haka.

Na shida, haɗin waya a like shi da dalma ko a matse shi da abin matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗawa da yatsa a naɗe da salatif mai araha aikin kwana kaɗan ne. Zafin rana ya narkar da gam, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta kawo tsatsa.

Na bakwai, fis ɗin bakin batir shi ne abin sawa na ƙarshe. Sa'an nan a gwada: makulli a zare, rediyo ya mutu, a murɗa, ya tashi da tashoshinsa, a ta da injin, a saurara ko akwai kuka, a ƙure murya na ɗan lokaci a taɓa wayoyin. Waya mai ɗumi tana faɗin gaskiya, ta yi ƙanƙanta.

Manyan Motoci Da Babura

Manyan motocin da ke ɗaukar hatsi da dabbobi daga wannan yanki yawancinsu na bolt 24 ne, batir biyu a jere. Rediyon bolt 12 in aka ba shi 24 nan take ya ƙone. Dabarar da a kan yi ita ce a ɗauko wuta daga batir ɗaya. Rediyon zai yi aiki, amma batiran biyu sun daina tafiya kafaɗa da kafaɗa: ɗaya kullum da yunwa, ɗaya kullum caji ya yi masa yawa, ƙarshe a rasa duka biyun. Akwai ɗan akwatin da ke rage 24 zuwa 12, kuɗinsa bai kai na batir ɗaya ba. Masu babur da keke mai ƙafa uku su ma dokar fis ta hau kansu, har ma ta fi, tun da ya ke tankin mai yana dab da wayoyin.

Wata ɗabi'a kuma da ya kamata a bari ita ce cire kan batir injin yana aiki, wai don a ga ko altaneta tana caji. A zamanin tsofaffin motoci an yi haka an kwana lafiya. A motar yau kuwa wutar tana iya yin tsalle ta kashe rediyo da kwamfutar injin gaba ɗaya. Mita ita ce abin gwaji.

In Hayaƙi Ya Tashi

Warin roba mai ƙuna ba abin da za a ce bari mu ƙarasa gari ba ne. A tsaya, a kashe injin, fasinja su fita su yi nisa, yara da mata tukuna. In wuta ba ta kama ba, a cire kan ɗebewa. In ta kama a wajen injin, kada a wangale bonet, domin iska abincinta ce. A ɗaga kaɗan a fesa abin kashe gobara, in babu a watsa yashi. Ba a zuba wa wutar fetur ruwa. Dokar hanya ta wajabta wa kowace mota abin kashe gobara, Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana tambayarsa. Amma a ajiye shi inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhuna ba.

Kira Ga Jama'a

Ba kowane mai mota ne zai iya wannan aiki da hannunsa ba, ba kuma lalle ne ya iya ba. Amma kowa yana iya tambaya uku kafin ya biya mai wayarin: Malam, daga ina ka ɗauko wuta? Ina fis ɗin da ka sa, na amfiya nawa ne? Ina ka ɗaure baƙar waya? Gwanin gaske zai ji daɗin tambayar, ya kama hannunka ya nuna maka. Wanda ya ce ba komai, haka mu ke yi kullum, to, ka nemi wani. Mai mota kuma kada ya matsa wa mai aiki da ragi har ya tilasta masa sayen jabu, garin gyaran gira a rasa ido.

Ga iyayen gidan sana'a, amana ce a wuyanku ku koya wa yaranku dalilin kowane abu, ba yadda a ke murɗa waya kaɗai ba. Ga shugabannin ƙungiyar direbobi a Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, da za ku sa a riƙa ɗaga bonet a na duba wayoyin da aka ƙara a kan batir, kamar yadda a ke duba taya, da an rage hasara mai yawa. Ga shi kuma Ƙauran Namoda tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, inda a ke koyar da aikin injiniya. Ba abin kunya ba ne masu takarda da masu sifana su zauna inuwa ɗaya, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Fis ɗaya da gidansa ba su kai kuɗin abincin rana ba, motar kuwa wani shekara da shekaru ya yi yana tara kuɗinta, da ita ya ke ci da iyalinsa, cikinta kuma 'ya'yan mutane su ke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ya ɗaga bonet yau ya duba, kada ya jira sai hanya ta tambaye shi.

Allah Ya kiyaye matafiya, Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.